Tseren babur: yadda Le Mans ta cika fili da ƴan kallo, wasu garuruwa suka rasa

Ranar Lahadi 11 ga watan Mayun 2025, ana cikin ruwan sama a garin Le Mans na ƙasar Faransa, wani Bafaranshe mai suna Johann Zarco ya zo na ɗaya a tseren babur na ƙasarsa. Shekara 71 ke nan rabon da ɗan Faransa ya ci wannan tsere a babban aji a gida, tun Pierre Monneret a 1954. Ƴan uwanmu da ke zaune can sun ga yadda gidajen talabijin suka yi ta maimaita hoton. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalin masu shirya wasanni a duniya shi ne lissafin ƙofa: mutum 311,797 a ƙarshen mako guda. Ba a taɓa kai wannan adadi ba a tarihin gasar.

To, me ya sa wannan gari yake cika har ya batse, alhali akwai filaye a wasu ƙasashe da kujeru ke zaune babu kowa? Tambaya ce da ta shafi duk mai shirya taron wasa, ko na babur ne, ko sukuwar dawaki, ko ƙwallon unguwa.

Da farko bari mu san abin da ake magana a kai. Gasar tseren babur ta duniya ta soma a 1949, kuma tun 2002 ake kiran babban ajinta MotoGP. Babur ɗin da ake hawa ba irin namu na kabu-kabu ba ne. Injinsa ya kai wajen ninki takwas na babur mai lamba 125 da muke gani a tasha, kuma ba a sayar da shi a kasuwa, don tseren kaɗai ake ƙera shi. A 2023 wani ɗan Afirka ta Kudu, Brad Binder, ya yi gudun kilomita 366 a awa ɗaya a filin Mugello na Italiya. Ku kwatanta: Maraɗi zuwa Damagaram bai kai kilomita 250 ba. Matuƙa 22 ne ke fafatawa, ana zagaya ƙasashe wajen ashirin a shekara, kowane tsere ana tara maki, wanda ya fi maki a ƙarshen shekara shi ne zakara.

Gudu dai ga shi nan, ko'ina iri ɗaya ne. Babur ɗin da ya yi gudu a Faransa shi ne zai yi a Ingila da Indiya. Saboda haka bambancin cikar fili daga wani wuri yake fitowa.

Abin da Le Mans ta yi

Le Mans tana da nisan wajen kilomita 200 daga Paris, kuma da'irar da babura ke zagayawa ta ɗan haura kilomita 4. Mutumin da ke shirya tseren Faransa tun shekarun 1990 sunansa Claude Michy, ɗan kasuwa ne mai kamfanin kansa. Hanyar da ya bi ba ta da wani sirri, sai dai tana buƙatar haƙuri da ribar da ba ta zuwa nan take.

Babbar dabararsa: yaro ɗan ƙasa da shekara 16 yana shiga kyauta in yana tare da babba mai tikiti. Ku duba abin da wannan ke nufi ga magidanci. Tikitin kwana uku a ƴan shekarun nan yana wajen euro 100, wato jika sittin da ƴan kai a kuɗinmu na CFA. Mai ƴaƴa uku da zai biya wa kowa, sai ya ce a zauna gida a kalla a talabijin. Da aka ɗauke masa kuɗin yara, sai ya kwaso iyali duka. Kuma yaron da aka kawo yana ɗan shekara goma, ya ji ƙarar injin a ƙirjinsa, ya ga matuƙi ya kwanta da babur a kwana har gwiwa da gwiwar hannu na shafar kwalta, wannan yaron in ya girma da kuɗinsa zai dawo, ya zo da nasa ƴaƴan. An yi shekaru ana wannan shuka, yanzu ne ake girbi.

Sai kuma abin da tikitin ya ƙunsa. Tseren Lahadi kansa bai wuce minti arba'in da ƴan kai ba. Wa zai yi tafiyar awa biyar don kallon minti arba'in? Shi ya sa aka cika kwanakin da abubuwa. Akwai filin kafa tanti inda mutane ke kwana, akwai wurin aje babur da wurin aje hular kwano, don mafi yawan masu zuwa a kan baburansu suke zuwa. Da dare mawaƙa na wasa. Akwai masu wasan gwaninta da babur. Ana hawo da manyan matuƙa kan dandamali su gaisa da jama'a, a yi musu tambayoyi, su sa hannu a riguna da huluna. An kafa manyan allunan talabijin a kewayen fili, saboda wanda ke tsaye a kwana ɗaya ba ya ganin abin da ke faruwa a sauran wurin, babura sai su wuce shi fiu kamar walƙiya. In babu allo da mai sharhi a lasifika, ba zai ma san wa ke gaba ba.

Wato dai mutum ya biya sau ɗaya a ƙofa, daga nan ba a bi shi da ƙananan caji a kowane lungu. Wannan shi ne abin da masu zuwa suka fi yabawa, kuma a ganinmu shi ya fi komai nauyi a cikin labarin.

A nan sai mu yi wata ƴar gyara, don kada lissafi ya ruɗe mu. In aka ce mutum dubu 311, haɗa na kowace rana ake yi. Wanda ya shiga Juma'a, ya shiga Asabar, ya shiga Lahadi, sau uku aka ƙirga shi. Ranar Lahadi ita kaɗai, wajen mutum dubu 120 ne ke cikin filin. Duk da haka ba ƙaramin taro ba ne. Kuma tun da duk filaye haka suke ƙirga nasu, kwatancen bai ɓaci ba: 278,805 a 2023, sai 297,471 a 2024, sai na 2025 da muka faɗa. A waɗannan shekaru uku, kowace ta karya ta baya.

Tseren Asabar

Wani abin da ya ƙara jama'a daga shugabannin gasar ya fito, wato kamfanin Dorna na ƙasar Sifaniya da ya soma riƙe ta a 1992. A da, Juma'a da Asabar gwaji kawai ake yi da neman wurin tsayawa a sahun farko. Mai son babur na haƙiƙa yana jin daɗin wannan, amma talaka mai neman ganin an kara bai ga abin zuwa ba sai Lahadi. A 2023 aka ƙirƙiro gajeren tsere na ranar Asabar: rabin nisan na Lahadi, rabin maki. Na ɗaya yana samun maki 12, a maimakon 25 na Lahadi. A Le Mans zagaye 13 ake yi ranar Asabar, Lahadi kuwa 27.

Da yake gajere ne, babu wanda ke lallaɓa taya ko tattalin mai, daga tashi sai wuta. Jama'a suka so shi, Asabar ta koma ranar cika fili. Har ya canja yadda ake cin gasar. A 2024 Francesco Bagnaia na Italiya ya ci tseren Lahadi sau 11, Jorge Martín na Sifaniya sau 3 kacal, amma Martín ne ya zama zakara da ratar maki 10, don ya fi iya tsince maki a kai a kai, har da na Asabar, shi kuwa Bagnaia ya yi ta faɗuwa.

Sai dai abin yana da tsada, kuma jikin matuƙa ne ke biya. Wurin da ya fi haɗari a kowane tsere shi ne tashin farko, lokacin da babura 22 ke rububin shiga kwana ɗaya. An ninka wannan sau biyu a kowane mako. A shekarar farko karaya ta yi yawa, matuƙa da dama suka yi ta kwanciya asibiti, wasu suka fito fili suka koka. Masu gasar ba su janye ba, don kuɗin ƙofa da na talabijin sun nuna musu riba.

Sai da naka a fili

Mu da muka san kokawa ba sai an yi mana dogon bayani a nan ba. Ranar da ɗan jiharku zai shiga fili neman takobi, ko mai talla barin tallarsa yake yi ya matso kusa da rediyo. Haka abin yake a babur. Faransa ta daɗe ba ta da gwani a babban aji, sai ga Fabio Quartararo ya zama zakaran duniya a 2021, Bafaranshe na farko da ya yi haka, ga kuma Zarco. Yara suka samu wanda za su sa lambarsa a riga. Dabarun Michy sun riga sun share fage, zuwan waɗannan biyun ya ƙarasa aikin. A tseren 2025 ma Quartararo ne ya tashi a sahun farko, ya faɗi, sai Zarco, wanda ya zaɓi tayar ruwa tun farko ya kuma tsaya a kanta lokacin da wasu ke ta canjin babur, ya ba Marc Márquez ratar kusan daƙiƙa 20.

Italiya ta ga ɗaya gefen. Shekara da shekaru Valentino Rossi, mai lamba 46, zakaran duniya sau tara, shi ne ke cika Mugello. Tuddan da ke kewaye da filin sai su koma ruwan ɗorawa, launin kayansa. Ya yi ritaya a ƙarshen 2021. Da aka zo tseren 2022, jama'ar da ta zo ba ta fi wajen rabin ta 2019 ba, ga shi kuma ana kukan tsadar tikiti. Abin mamaki, babur ɗin Italiya ne, Ducati, ke cin gasar, kuma ɗan Italiya ne ya zama zakara a shekarar. Amma mutane Rossi suke zuwa gani, da barkwancinsa da wasannin da yake yi in ya ci. Sai a shekarar da ta biyo filin ya soma farfaɗowa. Darasin da masu shirya tsere suka ɗauka shi ne, wanda ya jingina taronsa da mutum ɗaya, ranar da mutumin ya tafi zai ga fili wayam.

Ingila kuma tata matsalar biyu ce. Tun da Cal Crutchlow ya bar gasar a ƙarshen 2020 ba su da ɗan ƙasa na dindindin a babban aji, kuma tun 2014 kallon tseren ya bar BBC ya koma tashar biya. Kuɗin da tashar biya ke ba masu gasa ya fi yawa, gaskiya ne. Amma yaron da gidansu ba sa biya ba zai taɓa cin karo da tseren ba balle ya so shi. A Faransa ma Canal+ ce ke da gasar, wadda muka sani da ƙwallo, sai dai tseren gida ana sakinsa a tashar kyauta kowa ya gani.

Yawan babura a titi ba ya cika fili

Wani zai ce, to a kai tseren inda babur ya fi yawa mana. An gwada. Indiya ce kan gaba a duniya wajen sayen babura, can ake ƙera Boxer da TVS da ke yawo a garuruwanmu, kuma kamfanin Bajaj mai Boxer yana da babban hannun jari a KTM, babur ɗin da Binder ke hawa. A watan Satumban 2023 aka kai tseren can karo na farko, a wani fili da ke wajen birnin Delhi. Ga zafi, ga nisa daga gari, ga babu ɗan ƙasa a cikin masu tsere. Jama'ar da ta zo ba ta kai rabin ta Le Mans ba, kuma shekarar da ta biyo ba a koma ba. Mutumin da babur ne abin neman abincinsa ba lalle ne ya ɗauke shi abin kallo ba, sai an ba shi dalili.

Tailan ta ba da dalilin. Garin Buriram ƙaramin gari ne na manoma, nesa da babban birni, amma tserensu na farko a 2018 ya tara fiye da mutum dubu 220. Sun sa tikiti daidai aljihun mutanen ƙasa, suka mai da wajen filin kasuwa da wurin shagali, har da damben gargajiyarsu. Abin da ya fi burge baƙi: ƙananan motocin gona da manoma ke ɗaukar amfani da su aka yi wa ado, su ne ke jigilar ƴan kallo zuwa ƙofa. Mutanen gari suka ga taron nasu ne, suna ci a ciki.

Yanzu gasar ta shiga sabon hannu. Kamfanin Liberty Media na Amurka, mai tseren motoci na Formula 1, ya saye mafi yawan Dorna a cinikin da aka kimanta euro miliyar 4.2, aka kammala a 2025. Su ne suka jawo wa tseren mota miliyoyin sababbin masoya ta hanyar fim mai nuna rayuwar direbobi a Netflix da gajerun bidiyo na waya. Ana sa ran su yi wa babur haka. Tsofaffin masoya kuwa tsoronsu ɗaya: kada tikiti ya yi tsada kamar na mota, a kori masu tanti a kawo masu kwat.

Ta ina abin ya shafe mu?

Dattawan Agadas suna tuna lokacin da ayarin Paris-Dakar ke ratsa ƙasar nan. Wanda ya ƙirƙiro shi, Thierry Sabine, ɓata ya yi a kan babur cikin hamada a 1977, da aka ceto shi ya ce sai ya kawo wasu su ga abin da ya gani. Aka tashi na farko a ƙarshen Disamban 1978, Cyril Neveu ya ci a kan Yamaha. Har yau kamfanin Yamaha yana sayar da babur mai suna Ténéré a duniya. Amma wancan tsere don talabijin na Turai aka yi shi. Mutanenmu na bakin hanya ƙura suke sha, kuma a ƙasashen da ya ratsa an take mutanen ƙauye, har da yara. An soke na 2008 saboda tsaro, ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya.

Shi wannan Sabine yana da wani tseren da ya fi kama da abin da za a iya yi a ƙasa mai rairayi. A 1975 ya soma tseren babur a bakin teku a garin Le Touquet na arewacin Faransa. Babura fiye da dubu ke tashi lokaci guda a cikin yashi, gwanaye da ƴan koyo a haɗe, kallo kuma kyauta ne. Dubban ɗaruruwan mutane ke zuwa cikin sanyin hunturu. Garin yana mai da kuɗinsa ta wurin masu masauki da masu abinci da kamfanonin da ke talla.

A shekarar nan ta 1975 ne aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a Tawa. In kuka duba da kyau, duk abin da Le Mans ke taƙama da shi kokawa ta riga ta san shi. Kowace jiha da ƴan wasanta, ana zagaya gasar jiha jiha, makaɗa da maroƙa na cika tsakanin karawa da karawa, rediyo na kai sharhi har ƙauyen da babu lantarki, masu tuwo da masu tsire na samun ciniki. Sunan Issaka Issaka na Dosso ya isa ya tara jama'a.

Babur kuwa, masu kallonsa muna da su, tsari ne babu. Ranar ɗaurin aure ko kai amarya, kowa ya ga yadda samari ke tayar da ƙafar gaba, suna jan birki a tsakiyar titi, babu hula, yara na bin su da gudu. Gidaje nawa aka yi zaman makoki a kan wannan? Ga kuma yankunan da hukuma ta taɓa hana hawan babur saboda tsaro, kamar Diffa tun 2015 da sassan Tillaberi daga farkon 2020, inda maganar tsere ba ta ma taso ba. Duk wata ƙungiyar matasa ko ta ƴan kabu-kabu da ke tunanin shirya tsere na gaskiya, da izinin magajin gari da jami'an tsaro za ta fara, sannan fili a bayan gari nesa da gidaje da hanyar dabbobi.

Kuma kafin a yi maganar tara jama'a, a yi maganar inda za su tsaya. Garin Le Mans da muke yabo ya koyi wannan da jini: a watan Yunin 1955, a tseren motoci, wata mota ta tashi sama ta faɗa cikin ƴan kallo, mutum fiye da 80 suka mutu. Daga nan aka sake fasalin filayen tsere a Turai. Yau a kowace kwana akwai fili mai tsakuwa da zai tsayar da babur in ya kufce, bayansa katangar tayoyi, bayanta shingen waya, sannan mutane. Babur ɗin da ya zame waje yake nufa, don haka bayan kwana ne wurin da ba a barin kowa ya tsaya. Ba a tayar da tsere sai likita da motar asibiti suna wurin, kuma matuƙin da ba shi da hular kwano ba ya hawa. Mai shiri a nan gida da ba shi da kuɗin shingen waya yana da buhunan yashi da tsofaffin tayoyi da igiya, da samarin da za a ɗora wa tsare layin yara. Kuɗin man motar asibiti da na ma'aikacin lafiya su ne farkon abin da za a cire daga abin da ƴan kasuwar gari suka ba da, kafin a zo kan kyautar wanda ya zo na ɗaya.